Me ya sa zama a bakin kogi bai zama gata ba a Gusau?

A biranen Turai da Amurka, gidan da ke kallon ruwa ya fi tsada, domin akwai lambunan shaƙatawa da filayen wasan yara. A Gusau lamarin ya sha bamban.

Kogin Sakkwato ya bi ta Gusau ya wuce Bungudu, amma abin da mazauna gaɓarsa suka fi sani shi ne fargabar damina. A 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, ɗaruruwan gidaje suka salwanta.

Duk da haka matsin gidaje na ƙaruwa. Tun da garin ya zama babban birnin Zamfara a 1996 yake faɗaɗa, ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Tsafe da Bungudu. Mai ƙaramin ƙarfi kan gina inda fili ke da araha, sau da yawa a kan hanyar ruwa.

Gwamnatin Dauda Lawal ta mayar da hankali kan sabunta titunan Gusau, amma titi kaɗai ba ya raya unguwa. Idan aka keɓe gaɓar kogi, aka dasa itatuwa, aka hana gini, yara za su samu wurin wasa da rani, ambaliya kuma ta samu inda za ta malala da damina.

Sharaɗin dai biyu ne: a ba waɗanda za a tasa wani matsugunin, a kuma samar da tsaron da zai sa iyaye su bar 'ya'yansu su fita.