Noman cikin waya da matasan Kano ta Kudu

A watan Maris na 2025 wani yaro ɗan shekara 16 ya ɗora wasa a dandalin Roblox, ya raɗa masa suna Grow a Garden. Noma ne zalla: mai wasa ya sayi irin karas ya shuka, idan ya nuna ya girbe ya sayar, ya sayi irin da ya fi tsada. Kafin Agusta ya ƙare, an samu lokacin da mutum sama da miliyan 20 ke cikinsa lokaci guda.

Wanda ya tashi a Tudun Wada, garin shinkafa, ko a Doguwa, ƙasar masara, ya san wannan harka tun bai yi wayo ba. Abin da yaran Amurka ke biyan kuɗi su kwaikwaya, a nan shi ne aikin yau da kullum. Shi ya sa ya kamata matasan yankin su shiga sahun masu ƙirƙirar wasa, kada su tsaya a ƙona data kawai.

David Baszucki da Erik Cassel ne suka buɗe Roblox a 2006, amma jama'a ke gina wasannin cikinsa da manhajar Roblox Studio, wadda kyauta ce. Kuɗin dandalin Robux ne, kuma wanda wasansa ya tara masa 30,000 zai iya canza su zuwa dala. A 2024 kamfanin ya biya masu ƙirƙira fiye da dala miliyan 900.

Sirrin Grow a Garden shi ne ya iya sa mutum ya dawo. Shuka na ci gaba da girma ko mai ita ya kashe waya. Shagon iri na sabunta kaya duk minti 5. Ruwan sama ko tsawa kan canza amfanin gona ya ƙara daraja, sannan a kai a kai ana fito da sabon abu. Wasan da ake komawa cikinsa kuwa, shi dandalin ke turawa gaban sababbin 'yan wasa.

Abin gina wasa a kai bai yi ƙaranci ba a Kano ta Kudu. Ga kamun kifi da kwalekwale a madatsar Tiga ta Bebeji, ga noman rani, ga dajin Falgore, ga tsofaffin ramukan kuza a Riruwai, ga hada-hadar motoci a Kwanar Dangora ta Kiru. Langa kanta, da ƙa'idojinta masu sauƙi, ta isa wasan ƙungiya biyu.

Akwai cikas. Roblox Studio ba ya aiki a waya, sai kwamfuta, kwamfuta kuma sai da wuta. Yawancin wasannin da ake ɗorawa ba sa samun kasuwa. Haka kuma Turkiyya ta rufe dandalin a 2024 saboda kare yara, don haka dole iyaye da malamai su sa ido kan wanda yaro ke hira da shi.

Shugabannin ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Bebeji da Kiru za su iya farawa da ɗaki ɗaya a makarantar sakandare, a sa masa sola da intanet da kwamfutoci, a ɗauko malami cikin waɗanda shirin 3MTT na gwamnatin tarayya ya horar tun 2023. A raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, da mai zane da mai rubuta umarnin kwamfuta, kowace ƙungiya ta fitar da ƙaramin wasa ɗaya a ƙarshen zangon karatu.