Karatu Kyauta a Jamus: A Fara Lissafi Tukuna

Da iyaye sun ji cewa jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai su ɗauka kakarsu ta yanke saƙa. Galibi haka ne, kodayake jihar Baden-Württemberg tun 2017 take karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma kafin biza, tun Satumbar 2024, yawancin ɗalibai sai sun zuba Yuro 11,904 a kullallen asusu, suna cirar 992 duk wata. A birnin Munik, hayar ɗaki kaɗai kan lashe fiye da rabin kuɗin watan, ga inshorar lafiya dole. Kada a sayar da gona saboda jin "kyauta". A yi lissafi, yaro ya fara koyon Jamusanci tun yana gida.