Bayan rage kuɗin wankin ƙoda, a tayar da majinyata su taka

A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a kowane zama a wasu asibitocinta, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi a nan Abuja. Duk ma'aikacin da ya taɓa zagayawa da takardar karo-karo a ofis domin abokin aiki mai ciwon ƙoda ya san nauyin da aka sauke. Sai dai tallafin ya tsaya ne a bakin na'ura, bai bi majinyaci gida ba.

Ƙa'idar wanki ita ce sau uku a mako, kimanin sa'a huɗu a kowane zama. Majinyaci yakan sauka a gajiye, ya wuni a kwance, 'yan uwa kuma saboda tausayi su hana shi ko da ɗaukar buta. A haka tsokar ƙafa take zubewa, tashi daga tabarma ya zama aiki, alhali ciwon zuciya, wanda zaman wuri ɗaya ke ƙara wa ƙarfi, shi ne kan gaba wajen ajalin masu wankin ƙoda.

Likitoci a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, a Amurka, sun gwada wata hanya mai araha, suka wallafa sakamakon a 2020. Sun raba majinyata 60 gida biyu. Rabi aka ba su ƙaramar na'urar ƙirga taku, ana tuntuɓarsu kowane mako ana ƙara musu kashi 10 cikin ɗari a kan abin da suka taka a makon baya. Cikin wata uku takunsu ya zarce na ɗaya rukunin da fiye da 2,000 a kullum. Da aka daina tuntuɓarsu, bayan wasu wata uku, bambancin ya ɓace. A ganinmu nan ne babban darasin yake: na'ura ƙirga kawai take yi, abin da ke fitar da mutum daga ɗaki shi ne sanin cewa ranar wanki wani zai tambaye shi nawa ya taka.

Gwajin na Amurka ƙarami ne, bai kuma nuna ƙarin ƙarfin jiki a awon da aka yi ba. Wanda ya nuna hakan shi ne na Italiya da aka wallafa a 2017, mai majinyata 296, inda tafiya a gida a ranakun da babu wanki, tsawon wata shida, ta ƙara kusan mita 40 a nisan da majinyaci ke iya takawa cikin minti shida. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya daina zuwa masallacin unguwa saboda ƙafa, yana iya zama abin da zai mayar da shi sahu.

Kada kuma a ɗora wa majinyaci taku 10,000 da ake yayatawa. Wannan adadi ya samo asali ne daga tallar wata na'ura a Japan cikin shekarun 1960, ba daga ɗakin likita ba.

Dole a yi hattara da yanayinmu. Majinyata da dama a nan ba sa samun wanki uku a mako, don haka suna fama da taruwar ruwa a jiki da ƙarancin jini, wasu ga ciwon suga da ya kashe musu jin tafin ƙafa. Irin wannan mutum ba a ce masa ya fita tattaki sai likita ya duba zuciyarsa da ƙafarsa. Ga shi an taƙaita masa shan ruwa, saboda haka tafiya a ranar Maris ta Abuja haɗari ce. Bayan sallar asuba ko dab da magariba ya fi.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, da ta sanya shirin tafiya cikin sharuɗɗan duk cibiyar da ke karɓar tallafin wanki. Ba sai an ba da kwangilar sayo na'urori ba, domin yawancin manyan wayoyin hannu suna ƙirga taku, wanda ba shi da irinta kuwa ana iya auna masa da mintoci. Abin da ake buƙata shi ne jami'in gashi da motsa jiki a kowane sashen wanki, da ma'aikaciyar jinya da za ta rubuta adadin taku a katin majinyaci kusa da nauyinsa da awon jininsa, tunda dama yana zuwa wurinta kowane mako. Mataimakan ministoci da daraktocin da ke rubuta takardun tsare-tsare su tabbatar an ware kuɗin waɗannan ma'aikata a kasafin shekara mai zuwa.