Yinin Hutu a Bakin Yellowstone

Amurkawa na da wata al'ada da na daɗe ina son kawo wa masu karatu labarinta. Idan lokacin zafi ya shigo, sai magidanci ya ɗaura wa motarsa wani ɗaki mai taya da suke kira tirela, ya ja shi ɗaruruwan kilomitoci zuwa bakin daji, ya ya da zango da iyalinsa. Kada mai karatu ya kawo tirelar Kano zuwa Legas a ransa. Wannan ɗaki ne mai gado da murhun gas da tankin ruwa, wani har da banɗaki.

Na taɓa yin yini guda a irin wannan zango tare da wani abokin karatuna, a gaɓar kogin Madison, kusa da garin West Yellowstone a jihar Montana. Abin da muka yi bai taka kara ya karya ba. Mun sha shayi da sanyin safiya, muka baje kujeru ƙarƙashin rumfa, muka yi hira har ta ƙare, muka yi shiru. Wani dattijo ya yini tsaye cikin ruwa yana kamun kifi, in ya kama sai ya cire ƙugiya ya sake shi. Har yau wannan bai zauna mini ba, amma shi ya ga riba a ciki. Ko ƙofar gandun dajin ba mu shiga ba, ga ta kuwa kusa.

Sai daga baya na lura cewa wannan zaman banza gini ne da aka daɗe ana yi. Tun 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar keɓe Yellowstone, fili mai kusan murabba'in kilomita 9,000, sannan a 1916 aka kafa hukumar kula da gandayen dajin ƙasar. A cikin gandun, doka ta hana kusantar ɓauna ƙasa da yadi 25, kyarkeci da dabbar beyar kuwa yadi 100. A zango ba a barin abinci a waje ya kwana, don kada ƙanshinsa ya gayyato beyar. Akwai masu zagayawa cikin kayan sarki, kuma wanda ya karya doka zai biya tara. Iyakar abin tsoron mai zango ke nan: dabba.

Mu fa? Dajin ba mu rasa ba. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, ga giwaye, ga ruwan ɗumin Wikki da ke garai-garai rani da damina. Amma Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, kuma kowa ya san su wane ne suka mayar da dazuzzukan yankin mafaka. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin sunansa ya zama abin da ya zama.

Na sha jin masu cewa kashe kuɗi a kan gandun daji almubazzaranci ne a ƙasar da talaka ke fama da abin sawa a baka. Ban yarda da su ba. Dajin da hukuma ta janye ƙafa daga cikinsa ba ya zama kango, wani ne ke tarewa, kuma ƙauyukan gefensa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu, tun daga shanu har gonaki.

Don haka ba tirela nake nema mana ba. Tabarma da buta sun ishi Bahaushe. Abin da nake so 'yan majalisarmu su tambaya idan kasafin kuɗi ya zo gabansu shi ne: masu gadi nawa ne a Kamuku, motocin sintiri nawa ke tashi, kuma yaushe rabon da a biya su alawus?