Baƙon Ƙarfe A Gona: A Tambaya Da Baki, Kada A Taɓa Da Hannu

Kwanakin baya wani dattijo daga ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na bakin kogi ya yi mana sallama a gidan rediyo da buhu a kafaɗa. Da ya zazzage, sai ga wani fallen farin ƙarfe marar nauyi, mai jerin ƙusoshi da wasu haruffan da ba na Larabci ba, ba kuma na boko ba. Ya ce garma ce ta tono shi a hawasharsa, jikokinsa sun kwana uku suna wasa da shi, maƙerin gari har ya taya, shi kuwa so yake mu tambayi masu saurare ko akwai wanda ya san mene ne. Allah Ya taimaka, wani tsohon sojan sama ya duba ya ce ɓallin jikin jirgi ne kawai. Amma abin da ya tayar mana da hankali shi ne, bawan Allahn nan a motar haya cike da mata da yara ya ɗauko shi, alhali bai san abin da ya ɗauko ba.

Ba mu ga laifinsa don ya yi tambaya ba, matambayi ai ba ya ɓata. Laifin yana ga ɗaukar. Ra'ayinmu shi ne, duk ƙarfen da ba mu san asalinsa ba a ɗauke shi a matsayin mai kisa, har sai masani ya ce ba haka ba ne.

Dalili kuwa, ƙasar nan ta daɗe tana karɓar tarkacen yaƙi daga sama. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya sun kama Kassala da Kurmuk, aka yi ta fafatawa a kan iyakar Habasha. Daga wannan shekara Ingila ta riƙa haɗa jiragen yaƙi irin su Hurricane da Blenheim a Takoradi da ke Ghana ta yanzu, ana tuƙo su ta Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Jinaina, Fashir da Ubayyid zuwa Khartum, kusan hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa don zuwa aikin Hajji. Daga baya sojan saman Sudan ya sayo jiragen MiG daga Tarayyar Sobiyat da wasu daga Sin. A yaƙin da ya ɓarke a Jihar Bulu Nayil a Satumba 2011, jiragen Antonov, waɗanda asalinsu na dakon kaya ne, su aka yi ta jefa bama-bamai da su. Sai kuma yaƙin 15 ga Afrilu 2023, inda Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, soja suka karɓe ta a Janairu 2025, Sinja kuma ta kasance a hannunsu daga ƙarshen Yuni zuwa Nuwamba 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar nasa ƙarfen a gonaki da magudanan ruwa.

Masana suna da hanyar rarrabe su. Kayan jirgi yawanci suna da lamba da aka buga a jiki, wasu har da ɗan allon kamfanin da ya ƙera. Na Ingila na zamanin yaƙin duniya na biyu sukan zo da hoton kambi da haruffan AM, alamar ma'aikatar jiragen sama ta lokacin. Na Sobiyat suna da rubutun Rasha, na Sin da nasu. To amma wanda ya kai hannu yana kankare tsatsa don ya karanta lamba, ya riga ya yi abin da ake gudu. Ga shi ko ɓangaren jirgin kansa ba duka ne lafiyayye ba. Kujerar matuƙin jirgin yaƙi tana da albarushin da ke cilla shi waje idan jirgi zai faɗi. Akwai tukwanen iska masu matsi, akwai harsasan bindigar jirgi. Agogunan tsofaffin jirage kuwa an shafa wa fuskarsu sinadarin radiyam don su yi haske da dare, ƙurarsa tana cutar da wanda ya shaƙa ko bayan shekara tamanin. Dana da bam da suka faɗo ba su tashi ba, tsufa ba ya kashe su, sai ma ya sa ɗan girgiza kaɗan ya tayar da su.

Mun san abin da za a ce. Mutane sun dawo sun tarar an kwashe musu komai, farin ƙarfen jirgi kuwa yana da kuɗi wajen masu sayen kurda da masu zubin tukwane. Gaskiya ne, yunwa ba ta da kara. Amma kuɗin kilo nawa ne za su biya hannun yaro, ko ran maƙerin da ya jefa abin da bai sani ba cikin wuta? Wasu kuma su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malamanmu sun sha gaya mana cewa tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

Saboda haka muna kira ga manoma, duk wanda ya ga baƙon ƙarfe ya tsaya, ya koma ta sawun da ya zo, ya kafa alama daga nesa, ya sanar da shehin gari ko umda. In da waya a hannu, a ɗauki hoto daga inda ake tsaye, ba sai an matsa ba. Masu sayen kurda su daina saye daga hannun yara, domin muddin da mai saye, yaro ba zai bar tsinta ba. Limamai daga Maiwurno har Rusairis su sa maganar cikin huɗuba, malaman allo su gargaɗi almajiran da ke fita neman itace.

Babban nauyin kuwa yana kan hukuma. Sudan ta amince da yarjejeniyar Ottawa ta hana nakiyoyin ƙasa tun 2003, tana da cibiyar ƙasa ta kawar da nakiyoyi, ga kuma hukumar UNMAS ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba adalci ba ne a ce wa talaka kada ya taɓa, sannan ya kai rahoto a bar shi wata da watanni gonarsa a rufe, damina tana wucewa. Muna so kowane gari ya san wanda zai kira, a kuma riƙa zuwa da wuri. A yi faɗakarwa da Hausa da Fulatanci, domin akwai tsofaffi da ƙananan yaran da Larabcin sanarwa bai cika shigarsu ba, mu kuwa ƙofar rediyonmu a buɗe take. Abin da ƙwararru suka tabbatar ba shi da haɗari a rubuta inda aka same shi, a adana don tarihi, jikokinmu su ga abin da ya sauka a kan gonakin kakanninsu.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, Ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.