Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido

'Yan'uwa manoma, maza da mata, da wuya yanzu mutum ya shiga kasuwar ƙauye bai ga mai tireda ya jera ƙananan kwalaye na rinin gashi kusa da sabulu da man shafawa ba. Mata suna saya, samari suna saya, har magidanta ma suna saya su sa a aljihu, domin su rufe furfurar kai da ta gemu kafin Kirsimati ko bikin aure. Da yawa cikin masu sayen nan ba su taɓa yin rinin ba, ba kuwa wanda ya koya musu. A tsakar gida za su yi abinsu, da guntun madubi a hannu.

Watakila wani zai ce, me ya haɗa takardar manoma da rinin gashi? Abu biyu ne. Na ɗaya, manomin da fuskarsa ta kumbura har idanu suka rufe ba zai yi noma ba, kuɗin taki kuma ya tafi asibiti. Na biyu, rini mafi sauƙin hatsari ga mai koyo tsiro ne da ke fitowa a ƙasarmu, watau lalle. Ra'ayina ke nan: abin da ke cikin kwalin nan magani ne mai ƙarfi, a riƙe shi kamar yadda muke riƙe maganin feshi. Wanda zai fara rini a gida kuwa, ya fara da lallen da ya san gonar da ya fito. Ƙungiyoyinmu suna da ikon sa wannan ya yiwu.

Furfura ba ciwo ba ce

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita abu ɗaya. Furfura ba cuta ba ce, ba abin kunya ba ce. Littafin Karin Magana 16:31 ya ɗauke ta a kan abin daraja, mu ma a al'adarmu mai furfura ake ba tabarma. Wani tana fito masa tun yana ɗan shekara 25, yawanci gado ne, ba alamar sammu ba. Duk da haka ban ga dalilin da za a ɗora wa mai rini laifi ba. Kakanninmu mata sun yi ƙunshi, sun shafa shuni a kitso, ba wanda ya ce sun yi zunubi. An ma ambaci furen lalle cikin Waƙar Waƙoƙi 1:14. Wanda ya bar furfurarsa ya yi kyau. Wanda ya ga zai rina, to, ya rina da sani.

Abin da ke cikin kwali

Irin wannan rini ba daga ganye yake ba. Wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Faransa, Eugène Schueller, ya haɗa nasa a birnin Faris a 1907, daga nan ne kamfanin L'Oréal ya samo asali. Yawancin baƙin rini mai daɗewa na yau yana aiki ne da abu uku. Akwai amoniya, mai warin nan da ke hawa kai, ita ke buɗe bayan gashi. Akwai ruwan haidurojin, wanda ke kashe launin gashi na asali, ya kuma tayar da rinin. Sai wani sinadari da ake kira PPD, shi ne ke shiga cikin gashin ya zama baƙi. Shi ne kuma ake zubawa a cikin baƙin ƙunshin nan da mata ke kira dayis, domin ya kama da sauri.

PPD ɗin nan shi ne abin tsoro. Jikin waɗansu mutane ba ya shiri da shi. Ba a nan take abin yakan nuna ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu: ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa a goshi da bayan kunne da wuya, wani lokaci fuska ta kumbura. Abin da ya fi muni, mutum yana iya yin rini sau biyar lafiya lau, a na shida jiki ya ƙi. In kuwa jiki ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi ke nan har iyakar rai, kowane karo kuma yana iya fin na baya tsanani.

Domin haka ƙasashen Tarayyar Turai suka sa doka cewa kada PPD ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin da aka kwaɓa, kuma a rubuta a jikin kwali cewa ba a yi shi domin wanda bai kai shekara 16 ba. A Amurka ba a yarda a sa shi cikin abin da za a zana a fata ba sam. To, baƙin garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba rubutu, wa ya auna shi? A ƙasar Sudan, inda ake sayar da shi dunƙule kamar dutse ana haɗawa da lalle, tun shekarun 1980 likitoci ke ba da labarin mutanen da suka sha shi, har da yara: wuya da harshe su kumbura, numfashi ya toshe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya. Da yawa sun mutu. Wannan shi ne abin da muke ajiyewa a kan taga, kusa da gishiri.

Mun riga mun san wannan darasi a gona. Malamin gona ya koya mana kada mu sayi maganin ƙwari da aka juye a kwalbar lemo, kada mu dama shi da hannu, kada mu ajiye shi inda yaro zai kai. Ban ga dalilin da mutum zai kiyaye wannan domin wakensa, sa'an nan ya manta da shi domin kansa ba.

Dalilin da na ce a fara da lalle

Launin lalle yana cikin ganyensa. In an kwaɓa garin, launin yakan fito ya manne wa gashi, ba ya bukatar amoniya ko haidurojin. Ba kasafai ake samun wanda jikinsa ya ƙi lalle tsantsa ba. Mai koyo kuma yakan yi kuskure, ya bar rini ya daɗe ko ya shafa har fata. Kuskure da lalle abin dariya ne na 'yan makonni, kunne ya yi ja. Kuskure da dayis yana iya kai mutum gadon asibiti.

Ga yadda ake yi. A sami busasshen ganye, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. A kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan ruwan lemun tsami ko na tsamiya, ya yi kauri kamar kunu mai kauri, a rufe a bar shi 'yan sa'o'i. A wanke kai da sabulu, gama maiƙo yana hana shi kamawa. A shafa man kaɗanya a goshi da kunnuwa da ƙeya. A raba gashi kashi kashi kamar za a yi kitso, a shafa tun daga tushe. A rufe da leda, a ɗaura kallabi, a bar shi sa'a 2 zuwa 4, a wanke da ruwa mai yawa. Kada a yanke hukunci a ranar, gama launin yakan ƙara duhu cikin kwana biyu.

Na san abin da za a ce mini: lalle ja yake yi, mu kuwa baƙi muke so. Gaskiya ne. A kan baƙin gashi da ƙyar ake ganinsa, a kan furfura kuwa ja yake fitowa. Amma akwai baba, tsiron da marina irin na Ƙofar Mata a Kano suka daɗe suna rina tufafi da shi. In an wanke lallen, a kwaɓa garin busasshen ganyen baba da ruwa, a shafa nan da nan tun bai huce ba, a bar shi kamar sa'a ɗaya ko biyu. Shuɗi a kan ja yakan ba da launi mai duhu, kusa da baƙi. Amma fa garin ganye na ce. Kada kowa ya ɗebo ruwan karofi, gama akwai toka mai ƙarfi a ciki. Kada kuma a kusanci galurar rinin tufafi, wadda ake haɗawa da soda mai ƙone fata.

Za a kuma ce aikin yana cin lokaci. Wannan ma gaskiya ne, rabin yini ne. Amma wanda ya iya jiran gero wata uku, rabin yini ba zai gagare shi ba. A yi shi da rani, bayan an kai amfanin gona gida.

Lalle ma yana da nasa gargaɗi. Ba ya fita da wanki, sai gashi ya tsiro, saboda haka a fara gwadawa a kan gashin da ya zuba a matsefi. Kada a sa wa jariri ko ƙaramin yaro. Akwai wani rauni na jini da ake gada, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa cikin 'ya'ya maza a ƙasashenmu, lalle kuwa yana iya farfasa jinin yaro mai shi, idanunsa su yi rawaya. Sa'an nan a sani, babu baƙin lalle a duniya. Duk lallen da ya kama baƙi ƙirin cikin rabin sa'a, an zuba masa wani abu.

Ga wanda ya ce lallai sai na kwali

Ba kowa zai ji shawarata ba, na sani. To, wanda ya nace, ga abin da zai kiyaye.

1. Ya sayi wanda ke cikin kwalinsa a rufe, da takardar bayani, da ranar lalacewa. A Nijeriya ya duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan shafa. Araha ba ta ado.

2. In bai iya karatu ba, ya ba wanda ya iya ya karanta masa takardar duka. Matambayi ba ya ɓata.

3. Ya yi gwaji kamar yadda takardar ta faɗa: ɗan kaɗan a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, ya jira kwana biyu cur. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, ya bar rinin. Ya maimaita gwajin kowane karo, ko da irin wanda ya saba ne.

4. Wanda dayis ya taɓa yi wa ƙuraje a hannu ko ƙafa, kada ya sa rinin kwali a kansa ko kaɗan.

5. Kada a sa a kan mai gyambo, ko makero, ko sabon aski da reza. Macen da ta sa man miƙe gashi ta jira kamar mako biyu.

6. A sa safar hannu ta roba, a kwaɓa a kwanon roba, ba na ƙarfe ba, ba kuma wanda ake cin abinci a ciki ba. A yi a waje inda iska ke kaɗawa.

7. A duba agogo. Ƙarin lokaci ba ya ƙara kyau, fata kawai yake ci.

8. Kada ya taɓa gira ko gashin ido. Yana iya makantar da mutum. A nan ne karin maganar nan ta gira da ido take cika a zahiri.

9. Abin da ya ragu a zubar a masai. Wanda ba a kwaɓa ba a kulle shi nesa da yara da abinci.

In fuska, ko leɓe, ko harshe ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a wanke kai da ruwa mai yawa, a nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, a tafi da kwalin. In yaro ya sha, kada a tsaya ɗura masa manja ko nono, kada a jira a ga abin da zai faru. A ɗauke shi a tafi.

Aikin da ke gaban ƙungiyoyinmu

Duk wannan shawara tana rataye a kan abu ɗaya, watau samun lalle tsantsa. Garin kasuwa ba a san abin da aka gauraya masa ba. A nan ne ƙungiya take da aiki.

Lalle ba shi da wuyar noma. Yana son zafi, yana jure fari in ya kafu, ana shuka irinsa, ana kuma dasa reshensa da damina. Yana yin shekaru da yawa ana yankan ganye yana tohowa. Yana kuma yin shinge. Garin Sojat na ƙasar Indiya, wuri mai zafi da ƙarancin ruwa, da noman lalle ya yi suna har ana kai garinsa ƙasashen duniya. Mu da muke da ƙasar da irin, me ya sa za mu sayi na leda?

Ina roƙon kowace ƙungiya ta kawo maganar nan a taronta na gaba. A kewaye lambun ƙungiya ko gonar ikkilisiya da layin lalle, a ware kunya biyu ko uku domin baba. Zumuntar mata ta ɗauki aikin shanya ganye a inuwa, da daka, da tankaɗe, da awo, a sayar da sunan ƙungiya, da alkawarin cewa ba a zuba kome a ciki ba. Masu saya suna nan, gama maƙwabtanmu Musulmi da Kirista duka ba sa biki sai da ƙunshi, gashi kuma yana tsirowa kusan santimita 1 kowane wata, mai rini ba ya daina nema. Kuɗin da ke fita zuwa tireda sai ya tsaya a asusun ƙungiya. Sau ɗaya a shekara kuma a gayyaci malamin asibiti ya zo taro ya yi wa jama'a bayani a kan rini da man shafawa, kamar yadda malamin gona yake yi a kan maganin feshi.

Ku dattawa da shugabannin mata, kada ku ce wannan ƙaramar magana ce da ba ta isa taro ba. Amaryar da za a yi wa ƙunshi 'yarku ce, magidancin da ke ɓoye kwali a aljihu ɗan'uwanku ne, kunya ce ta hana shi tambaya. Ku fara ta da maganar, shi kuwa zai saurara. Jikin nan amana ce a hannunmu, kamar gona. Allah ya ba mu hikimar kiyaye shi, amin.