A Bar Ƙwallo Ta Yanke Shari'a

Jama'a, akwai wata irin shari'a da ake yankewa kowace shekara tun ba a kira shaidu ba. Da zarar makarantu sun koma, lokacin gasar ƙwallo ya ƙarato, sai masu sharhi a rediyo da masu rubutu a Facebook su zauna su jera mana gwanaye: makaranta kaza ita ce ta ɗaya, kulob kaza shi ne na biyu, yaro wane shi ne tauraron bana. Duk wannan kuwa alƙalin wasa bai ko busa usur ba. Mu mutanen Fagada da sauran garuruwan Jega da Aliero da Maiyama muna da magana a kan wannan al'ada, domin 'ya'yanmu ne suke biyan kuɗinta.

Bari mu fara da inda abin ya fi ƙarfi, watau Amurka, inda jami'o'i suke buga wata irin ƙwallo tasu wadda ake runguma a hannu a ruga da ita. Tun 1936 kamfanin labarai na AP yake tara ƙuri'un 'yan jarida yana jera jami'o'i, daga 1950 kuma ya fara fitar da jerin tun kafin a soma wasa. Yanzu mutum wajen sittin suke zaɓen jami'o'i 25. To, ku dubi abin da ya faru a 2022. An sa jami'ar Texas A&M ta shida, ta ƙare shekara da cin wasa 5, an cinye ta a 7. Jami'ar TCU kuwa ko cikin 25 ɗin ba a sa ta ba, amma ita ta kai wasan ƙarshe. Haka Tom Brady, da ya gama jami'ar Michigan, a 2000 sai da manyan kulob suka ɗauki mutum 198 kafin a waiwaye shi, daga baya ya ɗauki babban kofin ƙasar har sau 7. In mutanen da suke da majigin kowane wasa da lissafin kowane yaro suna irin wannan kuskure, ina ga namu da suke jeri da jita-jita?

Ba mu ce duk jerin ƙarya ne ba. A wancan wasan ƙarshe jami'ar Georgia, wadda aka sa ta uku tun farko, ta lallasa TCU da 65 da 7. Makarantar da take da fili mai kyau da koci da abinci da takalma, labudda ta fi kusa da kofi. Amma abin da ya kamata a gane shi ne, jerin yana auna sunan da makaranta ta yi bara da dukiyar da take da ita bana. Ba ya auna yaron da mai jerin bai taɓa gani ba. Ɓarnar kuwa a nan take: mai neman 'yan wasa yakan bi inda jerin ya nuna masa, yaran da ya gani su yake ɗauka, waɗanda ya ɗauka su suke ƙara wa makarantarsu suna, baɗi kuma sunan nan ya sake ɗora ta a kan jeri. Haka abin yake zagayawa kamar jakin rijiya, ɗan ƙauye yana tsaye a waje yana kallo.

A ƙasarmu ma an gwada an gani. Da aka buɗe gasar ƙwallo ta manyan makarantu, HiFL, a 2018, wanda ya bi tsufan suna da ya ce kofin na Ibadan ne, wadda aka kafa a 1948, ko na Zariya ko Legas, waɗanda aka kafa a 1962. Sai ga Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta ɗauke shi. A 2019 Kalaba ta karɓa. A 2021 ya tafi Maiduguri, garin da mutane da yawa ba su jin labarinsa sai na tashin hankali. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Amma babbar hujjarmu tana nan gida. An haifi Zaidu Sanusi a Jega a 1997, a Jega United ya koyi sana'arsa. Bai bi ta Kano Pillars ko Enyimba ba. A 2016 ya tafi Fotugal, ya yi shekaru yana wasa a Mirandela, ƙaramin gari, a rukuni na uku. A 2019 ya koma Santa Clara, can cikin tsibiran Azores a tsakiyar teku, a 2020 Porto ta saye shi, a watan Oktoba na shekarar kuma ya sa rigar Nijeriya karo na farko a wasa da Aljeriya. Ran 7 ga Mayu 2022, a filin Benfica da ke Lisbon, ana dab da tashi, shi ya jefa ƙwallon da ta tabbatar wa Porto kofin ƙasar. Ɗan baya ne fa. Yana kuma cikin 'yan wasanmu da suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan a Fabrairu 2024. Muna tambaya: da ba a sami idon da ya tsaya ya dube shi a Jega ba, wane jeri ne zai kai shi Lisbon? Sannan guda nawa irinsa suka tsufa a gonar albasa don ba wanda ya zo kallo?

Iyayenmu sun fi mu sanin wannan. A fagen dambe da kokawa ba a naɗa wa mutum sarauta a zaure. Komai kirarin da makaɗi ya yi maka, sai ka shiga fili ka kai wani ƙasa. Mai sayen albasa a kasuwar Aliero kuwa ba ya biya don an ce buhun daga gonar babban mutum ya fito, sai ya kwance bakin buhu ya duba har ƙasa. Don me za a ƙi yi wa yaranmu adalcin da ake yi wa albasa?

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa abin da ya fi ƙarfin hukuma ba ne. Na farko, ƙananan hukumomin nan uku su riƙa shirya gasar makarantun sakandare kowace shekara bayan kaka, ta haɗa da na ƙauyuka, a kuma riƙa kai wasa ƙauye maimakon kullum ƙauye ya biya mota zuwa gari. Na biyu, a ajiye littafi: sunan yaro, shekarunsa na gaskiya, wasa nawa ya buga, ƙwallo nawa ya ci. Rubutu shi ne maganin "ɗan wane ne?" Na uku, in za a zaɓi yaran da za su wakilci jiha a gasa irin ta Kofin Ramat da ake yi a Kano, a yi gwajin a fili a bainar jama'a, a sanar da rana tun da wuri, kada takardar wani babba ta riga yaro isa filin. Na huɗu, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, tun da tana tsakiyarmu, ta buɗe filinta ga wasan ƙarshe, domin yaro ya ga ƙwallo da karatu a wuri ɗaya.

Ku kuma samari, kada labarin Zaidu ya sa ku jefar da littafi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ƙafa ɗaya ta karye, sana'ar ta ƙare, ko da masu ɗorin Aliero sun gyara ta. Ku yi hattara da dillalan da suke cewa a sayar da gona ko sa za su kai ku Turai. Wanda ya ga gwaninta da gaske, shi yake kashe kuɗi a kan ɗan wasa.

Masu jeri kuwa, ba mu hana ku sana'arku ba. Ku ci gaba, hira ce mai daɗi. Roƙonmu ɗaya: ku sa takalmi ku zo Fagada da Maiyama ku kalli wasa da idonku, sannan ku ɗauki alƙalami. Gani ya kori ji. Wanda ya zo ya ga ba mu iya ba, ya rubuta haka, ba za mu yi fushi ba. Amma wanda ya sa mu a ƙarshen jeri bai taɓa taka filinmu ba, wannan ya yi shaidar abin da bai gani ba, kowa kuwa ya san sunan irin wannan shaida.